Katin Nachisale da Kazar Tara

Shekara goma sha ɗaya ina shugabantar Rediyo Lipenga a garin Nsanjama, kuma har gobe idan na ji wani shugaban gidan rediyo yana bugun ƙirji wai shi ke riƙe da gidansa, dariya nake yi a ciki. Ranar da namu gidan ya tashi rushewa ba ni na tare shi ba. Wata tsohuwa ce mai sayar da tumatir daga ƙauyen Mkanthama, wadda rubuta sunanta ma sai ta yi da gaske. Sunanta na baftisma Elube, amma tun rasuwar mijinta babu mai kiranta haka. Kowa Nachisale yake cewa, sunan danginsu, yadda ake kiran macen da ta isa.

Mijin nata, Jailosi, ya yi shekara tara yana aiki a Afirka ta Kudu. Ya dawo da tari, da kwat guda ɗaya, da akwatin rediyo. Tarin ya raba wa kowa a gidan ya ji, amma rediyon nasa ne shi kaɗai. Idan zai fita sai ya zare batir ya zuba a aljihu, don kada mata su ɓata masa wuta da jin kiɗa. Ita da bakinta ta gaya mini cewa shekara ashirin tana goge ƙurar akwatin nan ba ta taɓa murɗa shi ba. Da Allah ya yi masa cikawa, aka yi askin fita makoki, washegari ta kai tumatir kasuwa ta sayo batir huɗu. Ta ce ba rashin kunya ba ne, so take ta ji abin da mutumin nan ya yi shekara ashirin yana ɓoye mata.

Lokacin da muka buɗe gidan rediyonmu, mun kafa ƙungiyoyin masu sauraro a ƙauyuka. Kowace Alhamis da ƙarfe biyu na rana mata su taru a gindin bishiya su saurari shirina na manoma, idan an gama su yi ta muhawara. Duk mako biyu mukan je mu ɗauki muryoyinsu mu saka a shirin. A Mkanthama mutum biyu ne suka kafa ƙungiyar: Nachisale, da ƙawarta Felesiya, yayar mai garin. Ban taɓa ganin aminai masu faɗa irin nasu ba. Felesiya baki gare ta kamar ta haɗiyi lasifika, Nachisale kuwa taurin kai, in ta ce a'a to ka nemi wani aikin. Tun suna 'yan mata suke ɗebo ruwa tare, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai dai kada wani na uku ya kuskura ya sa baki. Rediyon ƙungiyar, mai cin hasken rana, a hannun Nachisale aka ajiye shi.

Wata ɗabi'a gare ta da ta daɗe tana ba ni haushi. 'Yarta da ke aure a Lilongwe ta aiko mata ƙaramar waya, sai ta mayar da ita na'urar naɗar murya. Da an fara shiri sai ta kifa wayar a bakin rediyo ta naɗe shi kaf, saboda matan da suka tafi gona ko asibiti su ji daga baya. Kome ke wucewa shiga yake yi: carar zakara, kukan akuya, har gardamar ta da Felesiya. Idan katin wayar ya cika sai ta zare shi ta ƙulle a tsumma ta jefa cikin gwangwanin madara. Ni kuma an kai mu wani horo a birni an ja mana kunne cewa guntayen muryoyi da ke yawo a waya su ke jawo wa gidajen rediyo bala'i. Sai na dawo da zafina na same ta, na kira ta Amayi, wato Mama, yadda muke kiran dattijuwa.

"Amayi, don Allah ku daina naɗar shirin nan. Muna da na'ura a ofis da ke ajiye komai tsaf. Wannan naku ai akuyoyi sun fi ni murya a ciki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ai akuyoyin sun fi ka faɗar abin hankali wani lokacin. Kai kana zaune a ɗaki kana zuba magana a iska, iska na kwashewa. Ni ina tarawa. Me na ci maka?"

Felesiya na gefe ta ce, "Rabu da shi, ɗan nan tun yana ƙarami surutu ne ya hana shi ƙiba."

Na hau babur na tafi ina ƙunƙuni, ita kuma ta ci gaba da abinta.

A daminar da nake ba da labari, irin masara da manoma da yawa suka saya a wani shago na Nsanjama ya ƙi fitowa. Mutum ya yi huɗa, ya zuba taki, ya shuka, mako biyu gona tana nan fayau. Na shirya shiri a kan haka. Cikin muryoyin da muka naɗo daga ƙauyuka, ta Felesiya ta fi kowace armashi, har na gaya wa matan Mkanthama cewa Alhamis mai zuwa su kasa kunne, za su ji 'yarsu. Ranar Laraba da yamma Felesiya ta faɗi a bakin murhu, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa. Rafi ya cika, hanya ta yanke, layin waya ya ɗauke a ƙauyen, labarin bai iso gare ni ba sai ranar Juma'a. Saboda haka ranar Alhamis, a daidai lokacin da ake shirin kai ta makwanci, ni ina can ina watsa muryarta ban sani ba.

Bayan muryoyin ƙauye na buɗe layin waya. Wani mutum ya kira, bai faɗi sunansa ba, ya ce magana ta isa, a tashi a ƙone shagon kowa ya huta. Nan take na katse shi. Na yi kusan minti uku ina faɗa, na ce duk wanda ya ɗauki ashana ɓarawo ne na biyu, na ce a kai buhunan irin wurin malamin gona a rubuta ƙara. Na san na faɗi haka kamar yadda na san sunana. Amma wani ɗan iska ya yanko daƙiƙa arba'in daga shirin, daga inda na ce "muna jin ka, ɗan'uwa" zuwa inda mutumin ya gama zancen wutarsa, ya jefa a WhatsApp. Kafin Asabar guntun ya zaga gundumar. Wasu suka jefi shagon suka fasa gilashi, mai shagon ya kai ƙara hukumar da ke kula da gidajen rediyo cewa mun tunzura jama'a.

Takardar hukuma ta zo da mutum biyu da kwaɗon rufe ƙofa. An dakatar da mu nan take. Sharaɗin lasisinmu ya ce dole mu ajiye duk abin da muka watsa, don haka an ba mu kwana goma sha huɗu mu kawo cikakken shirin wannan Alhamis a zaman da za a yi a ɗakin taron gunduma. In ba mu kawo ba, lasisi ya tafi. Abin da bai kamata ya zama matsala ba ke nan, sai dai ranar Lahadi bayan shirin tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen eriyar gidan rediyonmu ta soye na'urar da nake taƙama da ita. An sha gaya mini in riƙa ajiye kwafi na biyu a wani wuri, ina cewa sai wata mai zuwa. Wannan laifina ne, kuma na ji kunyarsa har cikin ƙashina.

Wanda bai zauna a wurin da rediyo ɗaya ne ke magana da harshen mutane ba, ba zai gane abin da shirun nan ya yi mana ba. Mu ke sanar da rasuwa, mu ke cigiyar saniyar da ta ɓata, mu ke faɗar ranar awon ciki da ranar rigakafi. Idan na ratsa kasuwa sai in ga mutum yana murɗa akwatinsa yana girgiza shi, yana zaton shi ne ya lalace. Wasu su tare ni su kira sunana da "Bambo" a gaba, wato Malam, su ce, "Bambo Chimbalanga, yaushe za ku dawo?" Ma'aikatana shida kuma kowa ya zuba mini ido.

Na hau babur na bi ƙungiyoyinmu ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya naɗi shirin. Kowa ya ji, kowa ya tuna na yi faɗa, kowa a shirye yake ya rantse, amma hukuma murya ta ce, ba rantsuwa ba. Mkanthama na bar ta ƙarshe, don na san ba inda za ta kai ni. Idan gawa na kwance a gari ba a kunna rediyo, ba a zuwa gona, ba a daka. Duk da haka na je, ko don gaisuwa. Na tarar da Nachisale a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ta rame, ɗankwalinta baƙi. Na yi mata ta'aziyya, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na sauke kai na tambaye ta.

Ba ta ɗago ba. "Ranar muna makoki, ko ka manta?"

"Ban manta ba, Amayi. Na dai ce ko da wani tsautsayi."

"Kai da ka ce in daina. Ina na'urar taka mai ajiye komai tsaf?"

Na ce tsawa ta cinye ta. Ta ce, "Hmm," ta ci gaba da tsintar wakenta. Na yi mata sallama. Na dawo gida raina a jagule, na fara tunanin ko ɗan'uwana zai ɗauke ni aiki a injin niƙansa.

Ranar kwana na goma sha uku, da hantsi, ina zaune a barandar gidan rediyo kusa da kwaɗon hukuma, sai ga mai keken haya ya tsaya. Nachisale ta sauko daga bayansa da baƙar kaza a hammata, an ɗaure mata ƙafafu. Ta sallami mai keke, ta zo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ajiye kazar a gefe.

Na ce, "Amayi, sannunku da hanya. Kazar ta ta'aziyyar rediyo ce?"

"Ta tara ce. Na san za a ci ni, gara in zo da abata."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan baƙin tsumma, ta warware shi a tafin hannunta. Katin waya ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na dube shi, na dube ta.

Sai ta ba ni labari, idonta a kan titi. Ita tana cikin mata huɗu da suka wanke Felesiya suka zauna da gawar, kuma mai wannan matsayi ba ta gusawa sai an fita da makara. Amma tun safe abu ɗaya ke cin ta: ƙarfe biyu Felesiya za ta yi magana a rediyo, kuma babu wanda zai ji. Da ta ga inuwa ta kusa wurin, sai ta ce wa matan za ta zagaya. Ta biya ta ɗakinta ta goya rediyon a baya ta lulluɓe da zani kamar jariri, ta bi ta bayan gari, ta tsallake ƙaramin rafi, ta shige cikin masarar gonarta. A can ta kunna, ta kifa waya. Kafin ta dawo an riga an fita da gawa, sai a maƙabarta ta riski mutane, ta ce cikinta ne ya murɗa. Tun ranar ba ta saurari katin ba, ta zare shi ta sa a cikin littafin waƙoƙin coci.

Ni ɗan ƙasar nan ne, na san nauyin abin da ta ɗauko. Tarar kaza ita ce mafi sauƙi. Tsohuwa, gwauruwa, ta bar gawar aminiyarta ta shiga daji ita kaɗai a lokacin da ake ɗaukar makara, ai ba a rasa mai cewa da hannunta a mutuwar. An yi wa wasu tsofaffi abin da ya fi haka a kan abin da bai kai haka ba. Ko ba a kai nan ba, ana iya ƙaurace mata, ranar tata mutuwar a rasa mai haƙa kabari. Kuma gawar ta yayar mai gari ce.

Na ce, "Amayi, bari in yi dabara. Zan kai wa wani mai na'ura ya goge duk ƙarar da ke baya, ya bar shirin kawai. In ce a hannun wani direba na samu. Babu wanda zai san ku ne."

Ta juyo ta harare ni. "Yankan murya ne ya jefa ka cikin ramin nan, shi ne za ka sake yanka? Kai dai Allah ya ba ka baki ya hana ka kai. A sa shi yadda yake. Kwana shida ina juyi ina cewa ba ruwana. Sai na tuna in Felesiya ce da rai, da ta zo ta ja ni da kunne har nan."

Washegari ɗakin taron ya cika maƙil, har tagogi mutane ne. A kan tebur akwai mutum uku daga hukuma, shugabarsu wata mata mai gilashi, Madam Nyirongo, wadda ba ta yi kama da mai dariya ba. Mai shagon iri na gefe da lauyansa. A bencin gaba masu garuruwa suka jeru, cikinsu har da mai garin Mkanthama, ƙanen marigayiya, da sandarsa da hularsa. Nachisale ta zauna can baya cikin mata, kazar na cikin kwando a ƙarƙashin benci.

Aka fara sa guntun daƙiƙa arba'in ɗin. Ni kaina da na ji shi haka tsirara, sai da na ji kamar in kama kaina. Daga nan na miƙa katin, na faɗi gaskiyar tsawa da gaskiyar sakacina. Lauya ya miƙe yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, na'urarsu ta ƙone, sai ga murya ta faɗo daga sama ana gobe wa'adi ya cika. Mutumin nan sana'arsa ke nan. Me zai hana ya zauna a ɗakinsa shekaranjiya ya naɗi duk abin da yake so a ji?"

Madam Nyirongo ta ce, "Za mu ji tukuna." Aka sa katin a waya, aka haɗa ta da lasifika.

Abin da ya fara fitowa ƙarar ganyen masara ne cikin iska, da numfashin wanda ya yi sauri. Sai kiɗan buɗe shiri, sai muryata ina gaisuwa. Can ƙasa-ƙasa, daga nesa, ana jin waƙar coci, maza da mata, irin wadda ake rakiyar gawa da ita. Kowa ya kasa kunne. Na gabatar da muryoyin ƙauye, na ce ga Amayi Felesiya daga Mkanthama. Sai ga ta, garau, kamar tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ni na shuka irin nan da hannuna. Mako uku ina zuwa ina gaishe shi, ko ɗaga kai bai yi ba. In dutse aka sayar mana a gaya mana, mu yi gini da shi."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin a bayan muryar waƙar rakiya ta ƙara tasowa, kuma kusa da wayar ana jin wata tsohuwa tana kuka tana magana da rediyo. "Gaya musu, Felesiya. Gaya musu, mai bakin tsiya. Yau ma ke ce da maganar ƙarshe." Na saci kallon mai gari. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ni ma hawaye nake yi, ban damu da wa ya gani ba.

Shirin ya ci gaba har aka zo kan mai kiran. Ya yi zancen wutarsa, kuma a daidai inda guntun WhatsApp ya tsaya, muryata ta faɗo masa a ka. Minti uku cur ina faɗa. Ban san na iya faɗa haka ba, har da cewa wanda ya ƙone shago ya ƙone shaidar da za a kama mai shagon da ita. Da aka kai ƙarshe aka ji tsohuwar ta ja hanci ta ce, "Yau dai ɗan nan ya yi magana," sannan wayar ta mutu.

Madam Nyirongo ta cire gilashinta ta goge. Ta ce saura abu ɗaya, wa zai tabbatar da ranar da aka naɗi wannan? Kafin in buɗe baki mai garin Mkanthama ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni zan tabbatar. Waƙar nan rakiyar yayata ce, ina gaban makara lokacin da ake yin ta. Mai jan baitin surukina ne, duk ƙasar nan shi kaɗai ke tsallake baiti na biyu, kun kuma ji ya tsallake. Ranar Alhamis muka binne ta, kuma sau ɗaya muka binne ta. In lauya na ganin an sake taro shekaranjiya an yi waƙar, to ya faɗa mana wa ya mutu."

Lauyan ya duba takardunsa, bai sami komai a ciki ba. Madam Nyirongo ta tambaya ko wa ya naɗi muryar. Nachisale ta miƙe daga baya ta ce, "Ni ce, 'yar nan." Duk matan Mkanthama suka juya suna kallonta, ita kuma ta tsaya ƙyam ba ta sunkuyar da kai ba.

Ba su daɗe a shawara ba. An kori ƙarar tunzura jama'a, an ɗage dakatarwa daga wannan rana. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi mai zafi a kan sakacin ajiya, aka ce nan da wata guda za a zo a ga kwafi biyu a wurare biyu. Na karɓa hannu bibbiyu, na cancanci fiye da haka. Batun iri ta ce ba hurumin hukumarta ba ne, amma na ga malamin gona na gunduma yana ta rubutu, kuma kafin kaka an kwashe buhunan shagon an tafi da su gwaji.

A waje guɗa ta kaure, mata suna rawa, masu keken haya suna ta buga ƙararrawa, wasu suka so ɗaga ni sama na ce su sauke ni, ba ni ba ne. Ina neman Nachisale sai na hango ta ta ratsa taron da kwandonta ta nufi mai gari. Ta durƙusa a gabansa, ta fito da kazar ta ajiye. Hayaniyar ta lafa, mutanen Mkanthama suka zagaye su.

"Ranka ya daɗe, na bar gawa na tafi jin rediyo. Ga abin da ke kaina."

Ya dubi kazar, ya dube ta. "Nachisale, kin ce mana cikinki ne ya murɗa."

"Ai ya murɗa ɗin, ranka ya daɗe. Ba dai irin murɗawar da kuka zata ba."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska bai iya ba. Ya ce, "Gwamnati ta yi shari'arta, ni ma zan yi tawa. Al'ada al'ada ce, na karɓi kaza, magana ta mutu." Ya sa aka ɗauke ta. Sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Amma duk wanda na ji ya ce matar nan ta guje wa yayata, ya zo ya same ni da akuya. Mu duka muna wurin da Felesiya ta yi shiru. Ita kaɗai ta je inda take magana."

Da yammacin ranar mutanen hukuma suka cire kwaɗonsu. Na kunna na'ura, na ce, "Nan Rediyo Lipenga," kuma ta taga ina jin muryata tana dawo mini daga shaguna har ƙarshen kasuwa. Yanzu muna da kwafi biyu kamar yadda aka umarta, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan fasto. Na ukun yana Mkanthama cikin gwangwanin madara, kuma shi na fi yarda da shi. Duk wata nakan kai mata sabon kati, ita kuma ta karɓa ta ce shirin makon jiya surutu ya yi yawa.

Alhamis ta farko bayan buɗewa na bar wa mataimakiyata shirin, na tafi Mkanthama in saurara tare da su. Mata sun taru a gindin mangwaro, Nachisale ta ajiye rediyo a kan turmi ta kifa wayarta, ta bar wurin zaman Felesiya babu kowa. Ana gab da farawa sai ga mai gari, matarsa na biye da tukunya a ka. Maza ba sa zama a taron nan, balle shi, amma ya nemi gefen tabarma ya zauna. Aka buɗe tukunya, baƙar kazar ce da miyar gyaɗa, ga tuwon masara. Ya ce a fara zuba wa mai kazar.

Nachisale ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi kaɗan. Aka saurari shiri aka gama, aka yi muhawara, mata suka fara naɗe tabarmi, shi bai tashi ba. Sai da wurin ya ragu ya matso kusa da turmin, ya cire hula, ya yi magana a hankali.

"Nachisale, katin nan yana kusa?"

"Yana cikin littafin waƙa."

"Ɗauko. Sake kunna mini yayata."